Hular da ke sauraron ƙwaƙwalwa ta shiga aji

A wata makarantar sakandare da ke birnin New York na ƙasar Amurka, an yi wani zangon karatu da ɗalibai 12 'yan ajin ƙarshe suka riƙa shiga darasin bayoloji da wani abu maƙale a kawunansu. Abin na roba ne, kamar gizo-gizo ya baje ƙafafu a kan mutum, a bakin kowace ƙafa akwai ɗan soso jiƙe da ruwan gishiri yana taɓa fatar kai. Babu wayar da ta ɗaure su da bango. Suna zaune a kujerunsu na kullum, malaminsu na kullum yana koyarwa, wani na hamma, wata na rubutu, yayin da kwamfutoci a gefe ke karɓar saƙon da ke fitowa daga ƙwaƙwalen su goma sha biyun a lokaci guda.

Sau 11 aka yi haka a cikin zangon. Masu binciken, a ƙarƙashin Suzanne Dikker da David Poeppel na Jami'ar New York, sun fitar da sakamakon a 2017. Kafin mu kai ga abin da suka gano, sai mun fara fahimtar dalilin da ya sa shiga ajin kansa ya zama labari a duniyar kimiyya.

Kwanta, kar ka motsa

Yawancin abin da aka sani game da aikin ƙwaƙwalwar ɗan Adam, an same shi ne daga mutanen da ke kwance ko zaune shiru a ɗakin gwaje-gwaje. Ɗauki na'urar MRI, wadda wasunku suka taɓa jin an ce a kai wani asibitin koyarwa a yi masa hoto da ita. Ƙatuwar maganaɗisu ce mai nauyin tan-tan, da rami a tsakiya. Za a kwantar da kai a tura ka ciki, a tallafe kanka da matashi, a ce ko kaɗan kar ka motsa, ga ƙara kamar ana dukan ƙarfe. A wannan hali ne mai bincike zai nuna maka hotuna ya ce danna nan idan ka ga kaza.

An koyi abubuwa da yawa ta wannan hanya, ba a raina mata. Sai dai wa yake rayuwa a kwance cikin rami shi kaɗai? Ƙwaƙwalwarka tana yin babban aikinta ne lokacin da kake tsallaka titi da keke napep na tahowa, ko kana ciniki a kasuwa, ko malami ya nuna ka da alli ya ce tashi ka ba da amsa alhali abokinka na tsokanarka a baya. Wanda yake son sanin halin kifi, a ruwa zai je ya same shi. Shi ya sa masana suka daɗe suna neman na'urar da mutum zai ɗora a ka ya ci gaba da harkarsa.

Lantarkin da ke cikin kanka

Ƙwaƙwalwar babban mutum ba ta kai kilo ɗaya da rabi ba, amma tana ɗauke da ƙwayoyin jijiya kimanin biliyan 86. Waɗannan ƙwayoyi suna aika wa juna saƙo ta hanyar sinadarai da ɗan lantarki. Idan dubban su suka motsa tare, lantarkin yakan ratso ƙoƙon kai har ya iso fata, inda za a iya auna shi. Auna wannan lantarki shi ake kira EEG.

Wanda ya fara yin haka a kan ɗan Adam wani likita ne Bajamushe mai suna Hans Berger, a garin Jena, a 1924. Labarinsa da ban mamaki. Yana saurayi a aikin soja doki ya kayar da shi, saura ƙiris ya mutu, sai ga saƙon tangaraho daga gida cewa 'yar'uwarsa ta ji a jikinta wani abu ya same shi. Wannan ya tsaya masa a rai, ya shiga neman ko akwai wani ƙarfi da ke kai saƙo daga zuciyar wani zuwa ta wani. Bai samu wannan ba. Abin da ya samu shi ne layuka masu hawa da sauka a kan takarda, kuma ya lura cewa idan mutum ya rufe ido ya natsu, layukan sukan jeru suna kaɗawa kamar sau goma a daƙiƙa ɗaya, da ya buɗe ido ko aka ba shi lissafi sai su dagule. Wannan kaɗawa ita ake kira alfa, ku riƙe sunan, za mu sake haɗuwa da ita. Berger ya yi shekara biyar yana sake gwaji kafin ya yarda ya buga sakamakon a 1929, kuma duk da haka ba a gaskata shi ba sai da masana biyu a Cambridge ta Ingila, Adrian da Matthews, suka tabbatar a 1934.

Lantarkin nan ƙanƙane ne ƙwarai. Batirin tocila guda ɗaya ya ninka shi aƙalla sau 15,000. Saboda haka komai na iya danne shi. Ƙifta ido ya fi shi ƙarfi, tauna cingam ta fi shi, murtuke fuska da gumi da wayar wutar da ke cikin bango duk suna shiga cikin awon. Wannan ne ainihin dalilin da ake cewa zauna kar ka motsa.

Ga kuma abin da ya kamata kowa ya sani tun yanzu game da iyakarta. A ce kana tsaye a wajen filin wasa na Sani Abacha a Kano ranar da Kano Pillars ke wasa. Ba ka ganin komai, amma da an ci ƙwallo za ka sani, da alƙalin wasa ya yi abin da bai yi wa jama'a daɗi ba za ka sani, in wasan ya yi sanyi ma za ka ji. Abin da ba za ka taɓa ji ba shi ne hirar da mutum biyu ke yi a layi na goma. Haka EEG take. Tana jin hayaniyar taron ƙwayoyin jijiya, tana iya nuna barci da farke, natsuwa da tashin hankali, amma sunan wanda kake tunani ko amsar da ka ɓoye a ranka sun fi ƙarfinta.

Abin da ya canza a 'yan shekarun nan shi ne irin canjin da ya mai da tarho ya zama wayar salula: batir ya ƙanƙance, na'urar ƙara ƙarfin saƙo da a da take cika tebur ta koma kamar akwatin ashana, ga Bluetooth na aika bayanai ba waya, ga manhajojin da ke iya tsince ƙiftawar ido su ware ta gefe. A 2012 Stefan Debener da abokan aikinsa a Jami'ar Oldenburg ta Jamus sun sa wa mutane ƙaramar hular EEG suka sake su suna yawo a harabar jami'a suna sauraron wasu sautuka, kuma na'urar ta iya kama amsar da ƙwaƙwalwa ke bayarwa duk da tafiyar. Bayan shekara uku suka fito da wata da ake liƙawa a bayan kunne kamar filasta, wadda ɗankwali zai rufe ta tsaf.

Me aka gani a ajin New York?

Malamin ya riƙa sauya salon koyarwa a cikin darasi: wani lokaci ya karanta musu daga rubutunsa, wani lokaci ya yi bayani da baki, wani lokaci a kalli bidiyo, wani lokaci kuma ɗaliban su tattauna a tsakaninsu. Bayan kowane darasi sai su cike takarda su faɗi yadda suka ji daɗin kowane ɓangare, da yadda suke ji game da malamin da kuma junansu. Su kuma masu binciken sai su jera layukan ƙwaƙwalen ɗaliban su duba ko suna hawa da sauka tare, ko kowa tasa ta fisshe shi.

Sun tarar cewa a lokutan da ɗaliban suka ce darasi ya kama hankalinsu, layukan sun fi tafiya tare. Bidiyo da tattaunawa sun fi haɗa su fiye da karatu daga takarda ko dogon bayani. Ɗalibin da ya ce yana son malamin, ko yana jin daɗin zama cikin jama'a, ƙwaƙwalwarsa ta fi bin sahun ta sauran.

Akwai wani ɗan gwaji a ciki da ya fi burge ni. Kafin a fara darasi, sai a haɗa ɗalibai biyu-biyu a ce su fuskanci juna su kalli idon juna na minti biyu, ba magana. Duk wanda ya taɓa gwada wannan da abokinsa ya san dariya ce ke fara zuwa. Amma da aka shiga darasi, waɗannan biyun da suka kalli juna sai layukansu suka fi dacewa da juna, fiye da yadda suka dace da na sauran 'yan ajin.

Kada wani ya ce ashe Berger ya yi gaskiya, zukata na aika wa juna saƙo. Bayanin da masu binciken suka bayar ya fi haka sauƙi. Muryar malami tana da nata kiɗan, tana hawa tana sauka, tana tsayawa tana ci gaba. Ƙwaƙwalwar da ke sauraro da gaske takan bi wannan kiɗa. Idan mutum goma suna bin kiɗa ɗaya, dole a ga rawarsu ta zo ɗaya, kamar 'yan mata a dandali da ke bin makaɗi guda. Wanda hankalinsa ya tafi ga tuwon dare kuwa, shi ne za a ga ya saɓa taku. Abin da na'urar ke aunawa ke nan: hankula nawa ne suka taru a wuri ɗaya.

To, ko hakan na nufin waɗanda layukansu suka fi tafiya tare su ne suka fi cin jarrabawa? A wani bincike da wannan ayari ya biyo da shi a 2019, an sa wa malamin ma hular, aka kuma yi wa ɗaliban 'yar jarrabawa bayan darasi. Ɗaliban da suka ce sun shaƙu da malamin sun fi dacewa da shi a layuka lokacin da yake bayani, kuma sun fi tuna darasin. Amma dacewar layukan ita kaɗai ba ta nuna wanda zai ci maki da yawa ba. Ga shi kuma ɗalibai 12 a aji ɗaya a birni ɗaya ba su isa a yanke wa duniya hukunci da su ba. Aji mai mutum 12 da fanka da kowa da kujerarsa daban yake da aji mai mutum 80 a watan Afrilu.

Wani sakamakon da na san zai yi wa da yawanku daɗi ya fito a 2020. An kwatanta darussan ƙarfe 8:30 na safe da na 10:30 da na bayan azahar a makarantu biyu na New York. A darasin sassafe alfa ta fi yawa, wato alamar ƙwaƙwalwa ba ta gama fuskantar abin da ke gabanta ba, kuma makin 'yar jarrabawa ya fi faɗuwa. Darasin hantsi ne ya fi kyau. Kafin ka kai wa shugaban makaranta wannan shafi a matsayin hujjar latti, ka tuna cewa waɗancan matasa ba sa tashi sallar asuba, kuma lokacin kwanciyarsu da yanayin garinsu daban ne da naka. Irin wannan tambaya sai an yi awonta a nan kafin a san amsarta a nan.

Hular haske a ƙauyen Gambiya

Lantarki ba shi kaɗai ba ne hanyar leƙa ƙwaƙwalwa. Kunna tocilar waya ka danne ta da yatsa a cikin duhu, za ka ga yatsan ya yi ja. Haske ne ya ratsa nama ya fito, jini ya shanye wasu launuka ya bar ja. Akwai wani haske da ke gaba da ja kaɗan wanda ido ba ya gani, irin wanda rimot ɗin talabijin ke fitarwa (nuna bakin rimot ga kyamarar waya ka danna, a wayoyi da yawa za ka ga yana ƙyaftawa). Wannan haske yana iya ratsa fata da ƙashi. Wani masani a Amurka mai suna Frans Jöbsis ne ya nuna a 1977 cewa za a iya amfani da shi a duba jinin da ke cikin ƙwaƙwalwa.

Dabarar ita ce, duk sashen ƙwaƙwalwar da ya kama aiki yana buƙatar ƙarin iskar oksijin, sai jini ya ƙara kwarara wurin. Jinin da ke ɗauke da oksijin da wanda ya sauke ta kuwa ba iri ɗaya suke shan haske ba. Sai a yi hula mai ƙananan fitilu da ƙananan idanu: fitila ta tura haske ciki, ido ya karɓi abin da ya dawo, kwamfuta ta lissafa inda jini ya ƙaru. Sunan wannan fNIRS. Ɗan abin nan da nas ke maƙala wa majiyyaci a yatsa don duba oksijin, 'yan gida ɗaya ne. Tana da nata rauni: saman ƙwaƙwalwa kaɗai take gani, kuma tana makara da 'yan daƙiƙoƙi saboda jini ba ya sauri kamar lantarki. Amma ta fi EEG jure motsi, ba ta ƙara, ba ta zafi, kuma kayanta sukan shiga akwati.

Wannan ya sa ta dace da jarirai, waɗanda ba wanda ya isa ya ce musu kar su motsa. Sarah Lloyd-Fox da Clare Elwell daga Landan sun ɗauki irin wannan na'ura zuwa Keneba, wani ƙauye a Gambiya inda akwai tsohuwar tashar binciken lafiya. Jarirai 'yan wata huɗu zuwa takwas suka zauna a cinyar iyayensu da hula a ka, ana nuna musu bidiyon mutane na wasa da fuska da hannu, ana sa musu sautin dariya da tari da kuma ƙarar ruwa da kayan wasa. Sakamakon da ya fito a 2014 ya nuna sassan da ke amsa fuska da muryar mutum a ƙwaƙwalen jariran Keneba su ne dai waɗanda aka gani a jariran Ingila. Shi ne karo na farko da aka ɗauki hoton aikin ƙwaƙwalwar jarirai ta wannan hanya a Afirka. Daga nan aka kafa wani shiri mai suna BRIGHT, wanda ya bi jarirai kimanin 200 a Gambiya da wasu a Ingila tun daga haihuwa har shekara biyu, don a ga abin da ƙarancin abinci da talauci ke yi wa ƙwaƙwalwa tun kafin yaro ya fara magana. Sikeli da tef na awo suna nuna yaron da tamowa ta taɓa jikinsa. Abin da ta yi wa kansa kuwa, sau da yawa ba a gane shi sai ya shiga makaranta, lokacin da gyara ya yi wuya. Duk wanda ya san yadda tamowa ke damun yara a yankunanmu zai gane darajar awon da zai faɗa da wuri.

Kitso ya shiga kimiyya

Akwai wata matsala da aka daɗe ana kauda kai daga gare ta, kuma ta shafe mu kai tsaye. Dole bakin na'urar EEG ya taɓa fatar kai. An ƙera hulunan ne da gashin Turawa da na mutanen Asiya a rai, wanda ke kwanciya a ture shi gefe. Gashi irin namu mai kauri da murɗiya yakan tokare hular ya ɗaga ta sama, sai saƙon ya fito a gurɓace. Ita ma na'urar haske, baƙin gashi mai cika da fata mai duhu suna shanye haske da yawa kafin ya shiga ya dawo. Abin da ya riƙa faruwa a ɗakunan bincike shi ne a ajiye bayanan baƙar fata gefe a ce ba su yi kyau ba, ko ma tun farko a ƙi gayyatar su. A asibiti kuma a ce wa mace sai ta tsefe kitso ko ta aske.

Wata ɗaliba baƙar fata a Jami'ar Carnegie Mellon da ke Pittsburgh, Arnelle Etienne, ta duba abin da idon wadda ta san gashinta. Tare da malaminta Pulkit Grover, ta kawo shawarar a yi wa mutum kitso mai layi-layi yadda tsagun za su faɗa daidai wuraren da ake son taɓawa, sannan a ƙera bakin na'urar kamar shirin gashi, ya maƙale a tsakanin kitso biyu. Kitson da a da yake hana aiki shi ne yanzu ke danne ƙarfen a jikin fata. Sun sa masa suna Sevo, wato ƙwaƙwalwa a harshen mutanen Haiti, suka gabatar da shi a 2020. Duk makitsiyar unguwa da aka yi wa bayani minti biyar za ta gane dabarar, ta ma ƙara gyara ta. Shekaru kusan ɗari aka yi ana EEG kafin wani ya tambayi makitsiya.

Kusa da gida kuma, an gwada hular EEG da ke haɗe da wayar hannu a kan masu farfaɗiya a Konakiri ta ƙasar Gini, ana tura awon ta intanet ga likitocin da ke wasu ƙasashe su karanta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum kimanin miliyan 50 ke fama da farfaɗiya, kusan kashi 80 cikin 100 a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfi, kuma har kashi 70 cikin 100 na iya daina faɗuwa idan aka gano cutar aka ba su magani. Farfaɗiya rikicewar wannan lantarki ne na cikin kai, ba a ɗaukarta ta yawu ko ta taɓa mai ita. Hular wayar ta yi amfani, amma ta rasa alamomi da yawa da babbar na'urar asibiti ke kamawa.

Su kuma masana a Jami'ar Nottingham ta Ingila sun bi ta maganaɗisun da lantarkin ƙwaƙwalwa ke haifarwa. Tsohuwar na'urar auna shi ta kai kusan rabin tan, sai an sanyaya ta zuwa digiri 269 ƙasa da sifiri. A 2018 suka nuna wata kamar hular kwano wadda mutum ya sha shayi ya buga ƙwallon tebur da ita a ka. Har yanzu dai sai a cikin ɗaki na musamman da ke tare maganaɗisun duniya take aiki, ba ta kai ga fita titi ba.

Fitila a goshi

A 2019 hotuna suka bazu a duniya daga wata firamare a Jinhua, cikin lardin Zhejiang na ƙasar Sin. Yara ne a aji, kowa da wani ɗan kambu a goshi, ƙirar kamfanin BrainCo, da 'yar fitila a gaba. Kamar yadda jaridar Wall Street Journal ta ruwaito, ja na nufin yaro ya mai da hankali, shuɗi na nufin hankalinsa ya tafi. Makin kowane yaro na zuwa kwamfutar malami, ana kuma tura wa iyaye rahoto a waya.

Ka sa kanka a wurin yaron nan. Malami ya juyo daga allo, duk aji ja, kai kaɗai shuɗi. Me za ka ce? Kuma wa zai saurare ka a kan na'ura?

Alhali kambun wuri uku kacal yake taɓawa, ɗaya a goshi biyu a bayan kunne, kuma goshi shi ne inda ƙifta ido da yamutsa fuska suka fi ɓata awo. Masana ƙwaƙwalwa da dama sun nuna shakku a kan makin tun a lokacin. Ƙari a kan haka, mai da hankali ba abu ɗaya ba ne da za a dunƙule a lamba guda. Yarinyar da ta zuba wa taga ido tana juya lissafin da aka ba ta a ranta tana aiki, wanda ya kafe allo da ido yana tsoron fitilarsa ta canza launi ba lallai yana koyon komai ba. Bayan surutu ya yi yawa a ciki da wajen ƙasar, hukumar ilimi ta yankin ta dakatar da amfani da kambun kafin shekarar ta ƙare.

Kayan aikin New York da na Jinhua dangin juna ne. Bambancin yana ga abin da aka yi da su. A bincike irin na jami'a, sai an nemi yardar ɗalibi da ta iyayensa, yana da damar janyewa, ana cire suna daga bayanai, ana haɗa na mutane da yawa a nemi abin da ya maimaita kansa, kuma tambayar ita ce wane irin darasi ne ya fi kama hankali. A Jinhua an juya na'urar ta koma kan yaro ɗaya-ɗaya, da sunansa, a gaban malaminsa da iyayensa. A ganina awon da bai isa ya nuna wa zai ci jarrabawa ba, bai isa a tsawata wa yaro da shi ba.

Sannan ga tambayar inda bayanan ke tafiya. Irin waɗannan kambuna yanzu ana sayar da su a intanet don wasa, ko barci, ko samun natsuwa, kuma da yawansu suna tura awon zuwa rumbun kamfani. Ƙasar Chile ta gyara tsarin mulkinta a 2021 don kare ayyukan ƙwaƙwalwa da bayanan da aka samo daga gare su, ita ce ta farko a duniya. Wani tsohon sanata na ƙasar, Guido Girardi, wanda yana cikin waɗanda suka ja gaban gyaran, ya sayi na'urar kamfanin Emotiv, kamfanin da ya ƙera hulunan ajin New York. Da ya ga kamfanin na riƙe da bayanan ƙwaƙwalwarsa sai ya garzaya kotu, kuma a 2023 kotun ƙolin ƙasar ta umarci a goge su. Jihar Colorado ta Amurka ma ta sa bayanan ƙwaƙwalwa cikin dokarta ta kare sirri a 2024.

A Najeriya, dokar kare bayanan jama'a da aka sa wa hannu a 2023 ta lissafa bayanan lafiyar mutum cikin waɗanda ake tsaurarawa a kansu, kuma ta ce idan ana buƙatar yarda kafin a tattara bayanan yaro, wurin iyayensa ko waliyyinsa za a nema.